Buroshi mai yawo: wankin tirela da kwantena ba tare da hawa tsani ba

Jama'a yau kan wankin manyan motoci zan yi magana, kuma na san wani zai ce wanki kuma har sai an yi masa dogon rubutu? Toh wanda bai taɓa tsayawa a gindin tirela da bokiti a hannu ya ɗaga kai sama ba shi ne zai faɗi haka. Bodin tirela irin wanda ake ja a Turai tsawonsa mita 13.6 ne, daga ƙasa zuwa rufi kuma yana kaiwa mita 4. Kwantena mai ƙafa 40 tsawonta mita 12.19, tsayinta 2.59, in irin doguwar nan ce ta kai 2.9, kuma fa wannan kafin a ɗora ta kan tirela kenan. In ka buga lissafi gefe ɗaya kawai ya haura murabba'in mita 30, ga ɗaya gefen yana jiranka, ga gaba, ga ƙofofin baya. Mota ɗaya kenan fa. Yanzu ka ɗauki kamfanin da yake da bas 50 ko tirela 100 da suke shigowa gareji da daddare kuma ana so su fita fes kafin gari ya waye.

Yadda aka saba yi kowa ya sani. Mutum biyu ko uku, doguwar sanda da buroshi a kanta, bokitin ruwan sabulu, tiyo, sai tsani. Ƙasa a jiƙe, kumfa ko'ina, takalmi yana santsi, mutum ya hau tsani hannu ɗaya riƙe da sanda yana miƙa jiki don ya kai can lungun sama, saboda saukowa a matsar da tsanin a sake hawa ɓata lokaci ne kuma oga yana jira. Wannan miƙa jikin shi ke kayar da mutane. Ba sai daga bene mai hawa goma ake faɗowa a nakasa ba, mita biyu a kan kankare ya isa ya karya ƙugu ko ya fasa kai. A Birtaniya hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata tana fitar da alƙaluma duk shekara, kuma faɗowa daga sama kusan kullum shi ne a kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mutane a bakin aiki. Dokar da suka yi a 2005 kan aiki a sama, abin da ta sa a farko shi ne in har aikin zai yiwu daga ƙasa to kar ma a hau. Zancen igiya da sauran kayan kariya duk a baya ya zo. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake ƙaunar injin da zan ba ku labarinsa, wato buroshi mai yawo, mutum yana tsaye da ƙafarsa a ƙasa yake wanke abin da ya ninka shi tsayi sau biyu.

Dama akwai babban injin wanki na girke, irin wanda ake gina wa rumfa ta musamman, mota ta shiga ta tsaya wata ƙatuwar ƙofa mai buroshi biyu ko uku ta riƙa kai da kawo a kan layin ƙarfe, ko kuma shi injin yana tsaye motar ce take ratsawa a hankali. Yana aiki ba ƙarya, har rufi yake wankewa, kuma inda motoci suke da yawa sosai babu kamarsa. Amma sai kana da fili, sai ka zuba kankare ka ja ruwa da wuta, kuma duk motar da za a wanke sai an nemo direba ya tayar da ita ya kawo ta layi. Tirelar da aka cire wa kai tana ajiye can ƙarshen fili fa? Sai an nemo kai an haɗa. Kwantenar da ke ƙasa sai an kira motar ɗaga kaya. Bangon sito kuwa ba a ma magana, ba inda za shi. Shi ne wasu suka ce tunda kawo abin wurin wanki wahala ne, a kai masa wankin inda yake.

Siffar wannan injin mai yawo ba ta da wuyar ganewa. Buroshi ne guda ɗaya zagayayye a tsaye, tsayinsa ya kai na motar ko ya ɗan fi, mita 4 da wani abu, an kafa shi a kan gindi mai tayoyi. Akwai murfi da ya rufe rabinsa ta baya don kar ruwa ya fantsamo wa mai aiki, a gefen murfin kuma bututu ne mai ƙananan bakuna a jere tun daga sama har ƙasa suna fesa ruwa a jikin motar, wasu kafin buroshin ya iso wasu bayan ya wuce. Wani ƙaramin inji ne yake juya shi, kuma ana iya sa shi ya juya dama ko hagu gwargwadon inda aka nufa. Yawancinsu ana iya ɗan karkata su don su kwanta a jikin gilashin gaba ko bodin da ba a miƙe yake sak ba.

Kala-kala ne. Akwai na turawa da hannu wanda yake jan wayar wuta da tiyon ruwa a bayansa, shi wannan iyakar tafiyarsa iyakar tsawon wayarsa. Akwai mai cin gashin kansa, batir ko fetur ko dizal, da tankin ruwa na ɗaruruwan lita a jikinsa da ƙaramin tankin sabulu, yana tafiya da kansa kai dai riƙe masa hannu za ka yi kana saita shi. Akwai wanda ake hawa a tuƙa, akwai kuma wanda ake maƙalawa a gaban motar ɗaga kaya. Kamfanonin Italiya irin su Bitimec da Iteco sun yi suna a wannan fanni, Kärcher na Jamus ma yana da nasa. Masu ƙera su suna cewa mutum ɗaya zai zagaye tirela cikin 'yan mintuna, kuma in fili a share yake motar ba ta yi kaca-kaca da taɓo ba maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Na taɓa tsayawa na kalli wani bawan Allah yana aiki da mai batir ɗin nan a filin ajiye manyan motoci, kuma abin da ya burge ni ba injin ba ne kaɗai, hannun mutumin ne. Kafin ya kunna komai sai da ya zagaye motar ya naɗe madubai, ya duba ko akwai igiya ko ƙugiyar tampol da ke reto, sannan ya ɗauki tiyo ya kakkaɓe yashi da taɓon da ya taru a ƙasa-ƙasa wajen tayoyi. Zagayen farko sabulu kawai ya fesa, buroshin bai ko taɓa bodi ba. Ya ɗan jira. Sannan ya kunna. Gashin buroshin da yake a kwance laɓe-laɓe yana fara juyawa sai ya buɗe ya yi faɗi, shi kuma ya matso da shi sannu-sannu har bakin gashin ya fara lasar fenti, nan ya tsaya, bai ƙara dannawa ba. Ƙarar tana canzawa in ya matsa da yawa, sai ka ji injin ya yi nauyi, nan take zai ja baya kaɗan ba tare da ya ko kalla ba. Tafiya yake irin ta mai yawon shan iska, gabansa bodi ruwan toka bayansa fari ƙal, layin da ya raba su a miƙe daga sama har ƙasa, baƙin ruwa yana gangarowa. Da ya zo kwana sai ya juya gindin injin a wuri ɗaya ya bi ƙofofin baya, ya rage gudu a kan sandunan kulle saboda nan gashi yake maƙalewa. Rigarsa ma ba ta jiƙe ba.

Toh a nan nake so in tsaya in ɗan ja magana, don akwai wani tunani da ya zauna a kan mutane da yawa, wai ƙarfin ruwa shi ne wanki. Mutum ya sayi injin feshi mai ƙarfi, ya ji yana tura masa hannu baya, shikenan a ganinsa ya gama da datti. Ka gwada wannan, ka fesa wa farar tirela ruwa da duk ƙarfin da kake so, ka bari ta bushe, sannan ka ja yatsa a jiki. Za ka ga layi, yatsanka kuma ya yi baƙi. Taɓo da ƙura mai nauyi sun tafi, amma akwai wata siririyar dauɗa da hanya take shafa wa mota, haɗin hayaƙin salansa ne da ɓurɓushin taya da ƙurar birki da maiƙo, ƙanana ne ƙwarai kuma sun manne da fenti, ruwa sai dai ya bi ta kansu ya wuce. Kamar kwanon da ya sha mai ne, ko ka tara shi a bakin famfo har gobe in ba ka sa soso da sabulu ba santsin yana nan.

Wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus mai suna Herbert Sinner ya tsara wannan magana tun 1959, kuma har yau da ita masu harkar tsafta suke koyarwa. Abubuwa huɗu ne suke yin wanki, sinadari, gugawa, zafi da lokaci. In ka rage ɗaya dole sauran su cike gurbin. Wanda ya ce ba zai goga ba, to sai ya ƙara ƙarfin kemikal ko ya dafa ruwa ko ya daɗe. Amfanin buroshi kenan, yana kawo gugawa daidai wa daida a duk faɗin bodin, sama da ƙasa ɗaya, saboda haka sabulu mai sauƙi ya isa kuma ruwan da yake fesawa ba mai wani ƙarfi ba ne. Wankin hannu kuwa ko ya mutum ya kai da ƙoƙari, inda ƙirjinsa yake nan ya fi gogewa, can sama shafa ce kawai, shi ya sa za ka ga motoci da yawa tsakiyarsu tana sheƙi samansu da baƙin zane.

Kuma ƙarfin ruwan yana da nasa ɓarnar. Da ma'aunin bar ake auna ƙarfin matsin iska ko ruwa, tayar ƙaramar mota iskar cikinta bar 2 da ɗan wani abu ne, injin feshi na sana'a kuwa yana kaiwa bar 150 zuwa 200. In ka matso da bakinsa kusa yana ɗaye sitika, yana tura ruwa cikin robar ƙofa da mahaɗar wayoyi, yana wanke giris daga inda ake buƙatarsa, yana lanƙwasa siraran ƙarafan na'urar sanyi ta kwantena mai firiji, gefen taya ma yana iya raunana shi. In kuwa ya sami hannu ko ƙafa yana iya huda fata ya tura ruwa da datti ciki, a waje ka ga ɗan ƙaramin rami kamar ba komai alhali ciki ya ɓaci, irin wannan asibiti ake wucewa nan take ba a jira. Ba cewa nake a jefar da shi ba, ƙarƙashin mota da tayoyi da tsakanin kai da bodi sai shi. Kowanne da wurinsa.

Shi ma buroshin ba waliyyi ba ne. Abin da ya fi iyawa shi ne shimfiɗaɗɗen gefe, bas, tirela mai akwati, mai tampol, taragon jirgin ƙasa. Tankar mai da take zagayayya tsakiyar gefenta kawai zai taɓa sai an yi ta karkata shi. Motar da take da tarkace a jiki, bututu nan tsani can, wahala ce. Rufi kuwa ba ya gani sam. Kwantena tana da nata halin, bangonta ba sumul yake ba, ƙarfe ne mai tudu da kwari don ya yi ƙarfi, in ka yi sauri gashin zai goge tudun ya tsallake kwarin, sai ka rage tafiya kuma sau da yawa sai ka dawo ta ɗaya hannun buroshin yana juyi saɓanin na farko kafin ɗaya kusurwar ta fita. Sannan yana son ƙasa mai kyau. Abu ne dogo mai ƙaramin gindi, rami ko gangara ko iska mai ƙarfi suna iya kayar da shi, kuma kafin a tura shi ko'ina a ɗaga kai a duba wayar wuta. Babban abin tsoro ga fenti kuma yashi ne. Buroshin da aka bari da yashi a gashinsa ko aka wanke motar da ba a fara ɗauraye ta ba, kankare fenti zai yi, a hankali bodi ya dusashe a zo ana zagin inji alhali laifin mai riƙe da shi ne.

Zancen kemikal kuma don Allah a kula. Akwai ruwan da ake sayarwa na haskaka alminiyom, tankoki da rim, wasu daga cikinsu da asid ɗin haidurofulorik a ciki. Wannan ba irin asid ɗin da zai ƙona ka nan take ka janye hannu ba ne, in an tsarma shi yana iya taɓa ka ba ka ji komai ba sai bayan awanni, alhali ya riga ya ratsa fata yana cinye sinadarin kalsiyam na jiki, in ya yi yawa har zuciya yake taɓawa. Yana cin gilashi ma. Yaron da aka miƙa wa jarka ba rubutu aka ce je ka wanke tanka bai san da wannan ba, kuma alhakinsa yana wuyan wanda ya miƙa masa. Duk lokacin da gugawa ta isa ta sa aka koma sabulu mai sauƙi, an rage wa wani haɗari.

Wani zai ce duk wannan wahalar don mota ta yi kyau kawai? Kyau yana ciki, sunan kamfani ne a rubuce a jiki. Amma ba shi ne babba ba. Tef ɗin nan mai ƙyalli da ake liƙawa a gefe da bayan tirela, wanda a Amurka tun ƙarshen 1993 ya zama dole a kan sababbin manyan tireloli, ja da fari, aikinsa ya mayar wa direban da ke tahowa hasken fitilarsa da daddare. In dauɗa ta rufe shi ya zama ado kawai, mutum ya taho a guje bai san akwai bodi a gindaye a gabansa ba. Makanike ma ba ya ganin tsagewar ƙarfe ko yoyon mai a ƙarƙashin taɓo. A ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko motocin da ke aiki a bakin teku, barin gishirin a jiki gayyatar tsatsa ce.

Kwantena kuwa tana da lamba a jiki, harafi 4 da alƙalami 7, kuma a manyan tashoshin jiragen ruwa kyamara ce take karanta ta a bakin ƙofa, in ta kasa sai mutum ya fito ya duba layi ya tsaya. Ga farantin ƙarfe a ƙofarta na yarjejeniyar 1972 kan lafiyar kwantena da dole ya karantu. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne abin da take kwasowa. Ƙasa, irin ciyawa, ƙwan ƙwari, dodon koɗi, duk suna maƙalewa a ƙasanta da kusurwoyinta su tsallaka teku. Ostireliya da Niyu Zilan ba sa wasa da wannan, suna da tsauraran matakai kan wani ƙwaro mai wari da ke ɓuya a cikin kaya yana lalata amfanin gona, kuma kwantenar da aka samu da ƙasa a jiki ana iya tsare ta sai an wanke. Motocin dabbobi da na kaji su ma haka, cutar baki da kofato da ta ɓarke a Birtaniya a 2001 ta sa an hallaka dabbobi sama da miliyan 6, kuma mota tana cikin abubuwan da ke ɗaukar irin wannan cuta daga gona zuwa gona. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan kashi da taɓo, sai an wanke tas tukuna sannan a fesa.

Da aka zo kan gini, dabarar ɗaya ce amma tsayi ya canza lissafi. Bangon sito ko masana'anta da aka rufe da falankin ƙarfe kusan tirela ce da ba ta motsi, buroshi mai yawo zai wanke ƙasa-ƙasansa, na sama kuma akwai irin wanda ake ɗaurawa a kan dogon hannun motar ɗaga kaya yana bin bango sama da ƙasa. Gilashin bene mai 'yan hawa kaɗan yanzu da yawa daga ƙasa ake wanke shi, da doguwar sanda mara nauyi da ke kaiwa wajen mita 20, ruwa yana bi ta cikinta zuwa buroshin da ke kai. Sirrin yana cikin ruwan, an tace shi an cire masa duk gishirin ma'adinai, saboda tabon da kake gani a gilashi bayan ya bushe ba ruwa ba ne, abin da ruwan ya bari ne. Tunda ba abin da zai bari, ba sai an hau an goge ba. Sai dai irin wannan sandar wuta tana bin ta, kusa da waya ba wurinta ba ne.

Dogayen benaye kuwa tun wajen zane ake tanadar musu nasu injin a kan rufi, mai hannu da ke sauko da kwando da mutane a ciki. Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 yana da falankin gilashi sama da 24,000, kuma zagaye ɗaya na wankinsa yana cin wata uku zuwa huɗu, ana gamawa ƙura ta riga ta koma inda aka fara. Yanzu ana ta gwada mutum-mutumi da ke manne wa gilashi da ƙarfin zuƙar iska, da jirage marasa matuƙi da ke tashi da tiyo a haɗe daga ƙasa. Ni dai jirgin nan ina kallonsa da ido biyu. Ya raba mutum da igiya, wannan alheri ne babba, amma feshi kawai yake yi ba ya gugawa, kenan mun koma kan maganar Sinner, sai ya dogara da kemikal da zafi, kuma iska tana kwasar feshin ta kai inda ba a aike shi ba.

Ginin dutse da na bulo tsoho kuma wani karatu ne daban, nan buroshi mai ƙarfi da ruwa mai ƙarfi duk ɓarna suke. Fuskar dutse in ka kankare ta ba ta dawowa, kuma ruwan da ka tura cikin tsaga yana nan yana aiki bayan ka tafi. A 2005 da Kärcher suka wanke fuskokin shugabannin Amurka huɗun nan da aka sassaƙa a dutsen Rushmore, ruwan zafi zalla suka yi amfani da shi ba kemikal, zafin ne ya kashe gansakukar da ke cin dutsen. A kan kowane gini ƙa'idar masu aikin ita ce a fara gwadawa a ɗan lungu da hanya mafi sauƙi, in ta yi a tsaya nan.

Na san abin da ke ran wasu, inji ya zo yara uku sun rasa aiki. Maganar tana da nauyi kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Abin da na gani dai shi ne aikin hannu bai ƙare ba, tayoyi, ƙarƙashi, madubai, cikin mota, bayan kai, duk suna nan suna jiran mutum, abin da injin ya ɗauke shi ne ɓangaren da ya fi karya mutane. Kuma wanda ya fi cancanta a koya wa riƙe shi shi ne wanda ya shekara yana wankin da hannu, don shi ya san inda datti yake ɓuya a jikin kowace mota. Mai motoci biyar wataƙila kwalliya ba za ta biya masa kuɗin sabulu ba, sanda mai ruwa da injin feshi sun ishe shi, ko su haɗu da maƙwabtansa su ɗauki mai zuwa da injinsa. Amma ko shi ɗin ba shi da hujjar ɗora yaro a kan tsani a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Inda injin mai yawo ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan da ya sauko. Na girke an gina shi da magudanarsa da ramin tace datti, shi kuwa wannan tunda ko'ina yana zuwa, ko'ina ma yana iya zubar da ƙazantarsa. Baƙin ruwan nan da na ce yana gangarowa, mai ne da giris da ɓurɓushin ƙarfe da sabulu. Kwatar ruwan sama a mafi yawan wurare kai tsaye take zuwa rafi ba tacewa. A Amurka dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta hana zubar da irin wannan a ruwan jama'a ba da izini ba, a Turai kuma akwai ma'aunin EN 858 na ramin raba mai da ruwa, wanda ajin farkonsa bai yarda mai ya wuce miligiram 5 a lita ɗaya ba wajen gwaji. Ramin yana aiki ne da cewa mai ya fi ruwa rashin nauyi, in ruwan ya natsu sai ya taso sama a tare shi. Toh ga inda mutane suke faɗawa, sabulu mai ƙarfi yana narkar da man ya gauraye da ruwa ya ƙi tasowa, sai ya bi ta cikin ramin ya fice kamar ba a gina komai ba, an gudu ba a tsira ba kenan. Shi ya sa ake da sabulu na musamman da yake sakin man bayan ɗan lokaci, kuma shi ya kamata a tambaya kafin a saya. Inda babu kankare da rami akwai shimfiɗar roba mai tudu a gefe da ake hawar da mota a kai, a zuƙe ruwan da famfo a zuba a tanki a kai inda ya dace. Na ga inda ake wanke motoci a kan tsurar ƙasa kusa da magudana, motocin suna fita fes, ƙasan wurin kuwa baƙi ƙirin ko ciyawa ba ta fitowa, kuma ruwan yana tafiya wurin mutanen da ba su san ma ana yi ba.

Tankin injin kansa shi ma kar a bar ruwa ya kwana ya wuni a ciki kwanaki, musamman in ruwan da aka tace aka sake amfani da shi ne. Ƙwayar cutar Legionella tana son ruwan da ke zaune mai ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ta hanyar shaƙar feshi take shiga huhu, feshi kuwa shi ne aikin wannan inji daga safe har dare. In an tashi aiki a juye tankin, a kunna buroshin da ruwa mai tsafta ya juya shi kaɗai na ɗan lokaci yashin ya fita, a duba bakunan feshi ko wani ya toshe don guda ɗaya in ya toshe wurin zai riƙa gugar bodi a bushe, sannan a sa batir a caji.